ZARE: Tarihin makullin Windows, da abin da ya sa na Home ba ya buɗe Pro

1/ Wannan rubutun mai dishi-dishi da ke kwanar ƙasan sikirin, "Activate Windows", da yawanmu mun saba da shi har mun daina ganinsa. Abin haushin shi ne, mutane da dama da ke fama da shi suna da lasisi na asali a cikin kwamfutarsu. An biya kuɗinsa tun daga masana'anta. Ranar fomatin aka yi watsi da shi. Ku biyo ni 🧵

2/ Ga yadda abin yake faruwa. Laftof ta zo da Windows Home. An kai ta fomatin, mai gyara ya ɗora Pro, wai Pro ta fi. Makullin da ke cikin injin na Home ne, ya ƙi shiga Pro. Sai a nemo kirak a liƙa. An saki reshe an kama ganye ke nan. Me ya sa makullin ya ƙi shiga, alhali duk Windows ce? Amsar tana cikin tarihin kusan shekara 50.

3/ Kafin mu tafi, ku riƙe kalmomi uku. Tsara: XP, 7, 8, 10, 11. Aji: Home, Pro, Enterprise da sauransu. Hanya: yadda aka sayar da lasisin, ko a kwali a kanti, wato Retail, ko tare da kwamfuta daga masana'anta, wato OEM, ko sari ga manyan ma'aikatu, wato Volume. Kowane makulli an yanka shi ne da waɗannan ukun a jikinsa.

4/ A Fabrairun 1976, Bill Gates, yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu wasa da kwamfuta a Amurka. Kukansa shi ne, yawancin masu amfani da manhajarsa ta BASIC a kan injin Altair ba su biya ko sisi ba, kwafa kawai suke yi daga hannu zuwa hannu. Duk wani makulli da za ku gani a wannan zaren, jikan wannan kukan ne.

5/ A 1981 IBM ya fito da kwamfutarsa da DOS ɗin Microsoft a ciki. Dabarar Gates ita ce bai sayar wa IBM manhajar ɗungurungum ba, lasisi ya ba shi, ya kuma riƙe 'yancin bai wa wasu kamfanoni. Daga nan babbar kasuwar Microsoft ta zama masu ƙera kwamfuta. Kai mai saye kana biyan kuɗin manhajar a cikin kuɗin injin, ba tare da ka ga rasit ɗinta daban ba.

6/ Har ta kai wasu masu ƙera kwamfuta suna biyan Microsoft a kan kowane inji da suka fitar, ko da DOS a ciki ko babu. Gwamnatin Amurka ta shiga maganar, aka yi yarjejeniya a 1994 aka daina wannan salon. Amma tsarin farashi biyu ya zauna: na masana'anta mai sauƙi, ɗaure da inji ɗaya, na kanti mai tsada, wanda za ka iya ƙaura da shi zuwa sabon inji.

7/ Windows 95 ta fito ranar 24 ga Agusta 1995. Makullinta na kanti lambobi 10 ne kacal: uku, ɗan layi, sai bakwai. Babu intanet a lissafin, babu wanda ake tambaya. Faifan da kansa yake duba lambobin da wani ɗan lissafi, wanda ɗan firamare zai iya yi a bayan littafinsa.

8/ Lissafin kuwa: lambobi bakwai na ƙarshe, in an tara su, bakwai ta raba su ba saura. Uku na farko kada su zama 333, 444, har zuwa 999. Shi ke nan. Saboda haka in ka danna 1 sau goma, ta karɓa. Ɗaya sau bakwai ai bakwai ne 😂 Ƙofar gidan kamfani mafi ƙarfi a harkar manhaja, da tsinke ake buɗe ta.

9/ Da Windows 98 aka koma makulli mai haruffa 25, gida biyar, kowane gida biyar, irin wanda muka sani har yau. Ku lura da tsofaffin sitika: haruffa da lambobi 24 kawai ake amfani da su. Babu wasula, babu 0, babu 1, babu 5, babu S. An cire masu kama da juna don kada ido ya ruɗe. Duk da haka B da 8 sun sa mutane da yawa hawaye.

10/ Amma har zuwa 98 da Me da 2000, makulli tambaya ce da ake yi sau ɗaya lokacin ɗorawa. Faifai ɗaya da makulli ɗaya da aka rubuta da maka a bayansa za su iya zagaye kafe ɗaya, unguwa ɗaya, gari ɗaya. Microsoft ba shi da hanyar sanin inji nawa ke hawa lasisi ɗaya.

11/ Windows XP, 25 ga Oktoba 2001. Nan labari ya sauya ta fuska biyu. Ta farko, aktibeshin. Bayan ka sa makulli, kana da kwana 30 ka sanar da Microsoft, ta intanet ko ta waya. In kwanakin suka cika ba ka yi ba, ba za ta bar ka ka shiga ba sai ka yi.

12/ XP tana duba sassa 10 na injin, irin su firosesa, yawan RAM, hadis, katin netwok da na hoto, ta haɗa wata lamba kamar zanen yatsa. In ta waya ce, lambobi 50 za ka karanta, a karanto maka wasu ka shigar. Wani kamfanin Jamus, Fully Licensed, shi ya warware yadda abin ke aiki ya wallafa a Yulin 2001, tun XP ba ta shiga kasuwa ba.

13/ Fuska ta biyu ita ce ta fi shafar maganarmu. Kafin XP, Windows ta gida da ta ofis manhajoji biyu ne daban tun daga tushe: 95, 98 da Me a gefe ɗaya, NT da 2000 a ɗaya gefen. XP ta haɗe su a kan tushen NT. Abu ɗaya ne yanzu, amma ana son a ci gaba da sayar da shi a farashi biyu. Sai aka raba shi Home da Professional, aka sa makulli ya zama mai gadin iyakar.

14/ A zamanin XP kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Makullin Home ba ya shiga faifan Professional. Ko ajin ya zo ɗaya, makullin OEM ba ya shiga faifan kanti. Tsofaffin masu gyara sun san wani ɗan fayil, setupp.ini, a foldar i386. Ƙarshen lambar da ke ciki shi ke nuna irin makullin da faifan zai karɓa: in OEM aka rubuta, na masana'anta, in 270 ne, na sari.

15/ Manyan ma'aikatu suka ce ba za su iya kiran waya a kan kwamfuta dubu ba. Sai aka yi musu faifan sari wanda ba ya neman aktibeshin sam. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tun kafin ranar fitowar XP, faifan sarin da makullinsa suka ɓulla a intanet. Makullin nan mai farawa da FCKGW. Akwai waɗanda har yau sun haddace shi fiye da lambar wayarsu.

16/ Ku lura, makullin da ya ɓulla na Professional ne. A ganina nan ne al'adar "a sa mini Pro" ta samo asali a wuraren da kwafi ya fi yawa. Wadda ke yawo kyauta ita ce babbar, sai Home ta zama kamar ta marasa wayo. Microsoft ya toshe makullin a Service Pack 1 a 2002, sannan a 2005 ya wajabta binciken Windows Genuine Advantage ga mai son sauke wasu abubuwa daga shafinsa.

17/ Su kuma manyan masana'antu irin Dell da HP, aka yi musu wata hanyar: faifansu yana leƙa BIOS, in ya ga alamar kamfanin, sai ya wuce ba tambaya. Shi ya sa faifan Dell a kan injin Dell ba ya neman makulli. Wani abin da mutane ba su sani ba: makullin da ke kan sitikar ƙasan injin daban yake da wanda masana'anta ta ɗora da shi. Na sitika naka ne, na ajiya, don ranar da za ka sake ɗorawa.

18/ Kotu da hukuma ma sun haifi nasu ajin. A Maris 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi ya fitar da Windows wadda babu Windows Media Player a cikinta. A 2005 aka fito da XP mai harafin N. Koriya ta Kudu ta yi irin nata hukuncin, aka samu K da KN.

19/ Wannan N ɗin tana nan har yau a jerin da ke fitowa lokacin ɗorawa: Home N, Pro N. Na sha ganin an zaɓe ta da zaton N na nufin sabuwa. Makullin Pro ba ya buɗe Pro N, na Pro N ba ya buɗe Pro. Ga shi wasu manhajojin sauti da bidiyo za su riƙa ba ka matsala sai ka ƙara musu kayan da aka cire. Rigimar Turai ta 2004 ce ke bin ka har ɗakinka.

20/ A 2004 kuma aka ƙirƙiro XP Starter don ƙasashe masu tasowa, aka fara da irin su Thailand. Manhaja uku kawai take barin ka buɗe a lokaci guda. Daga baya Windows 7 Starter ta zo a kan ƙananan laftof ɗin nan, wadda ko hoton bangon sikirin ba ta barin ka canza. Injin zai iya, an dai hana shi ne don a bambanta farashi.

21/ Vista, Janairun 2007. Mutane sun tsane ta, amma a tarihin makulli ita ce mahaɗa. Aji shida: Starter, Home Basic, Home Premium, Business, Enterprise, Ultimate. Kuma faifan kanti ɗaya ne ke ɗauke da yawancinsu. Makullin da ka shigar shi ke faɗa wa faifan wadda zai ɗora. A da makulli yana buɗe ƙofar gida ne. Daga Vista, shi ke nuna ɗakin da ka biya a cikin gidan.

22/ Daga nan aka samu Windows Anytime Upgrade: ka biya cikon kuɗi, a ba ka sabon makulli, Home Premium ta koma Ultimate ba tare da fomatin ba. Amma tsanin hawa kawai yake yi. Microsoft bai gina matakalar sauka ba, domin babu kuɗi a sauka. Wannan ƙa'idar ce ke aiki har yanzu tsakanin Home da Pro.

23/ Vista ce kuma ta rufe ramin FCKGW. Ma'aikatu aka ba su zaɓi biyu. MAK: makulli ɗaya mai ƙayyadadden adadin amfani. KMS: ma'aikata ta kafa sabarta a cikin gida, kwamfutoci su riƙa zuwa gaishe ta. Sai an kai inji 25 sabar ke fara aiki, kuma kowane aktibeshin na kwana 180 ne. In inji ya daina zuwa gaisuwa, lasisi ya ƙare.

24/ Yanzu kun gane abin da yawancin kirak ke yi: suna kafa sabar KMS ta bogi a cikin kwamfutarka, Windows ta riƙa gaishe ta. Shi ya sa bayan watanni saƙon nan ke fitowa cewa lasisinka ya kusa ƙarewa. Kuma don a sa kirak ɗin, sai an ce ka kashe antibairos tukuna. Ka buɗe wa manhajar da ba ka san mai ita ba ƙofa, a injin da kake shiga banki da shi.

25/ Windows 7, 22 ga Oktoba 2009. Faifan kanti ya koma nuna aji ɗaya, amma sauran suna ciki a ɓoye. Wani fayil mai suna ei.cfg a foldar sources shi ke rufe jerin. Ka goge shi, duk ajin su bayyana. Abu ɗaya da aka sauƙaƙa: makulli bai damu da 32-bit ko 64-bit ba, bai kuma damu da sake ɗorawa a inji ɗaya ba. Aji ne ba ya yafewa.

26/ Zamanin 7 shi ne zamanin Ultimate. Kowa Ultimate, ko da injin RAM ɗinsa 2GB ne. Ka juya laftof ɗin, sitika tana cewa Home Premium ko Professional, da makullinta na asali ba a taɓa amfani da shi ba. A sama kuwa Ultimate ce da loda mai yi wa BIOS ƙaryar alamar masana'anta. Ranar da asiri ya tonu, bango ya koma baƙi ƙirin. Wa ya tuna? 😅

27/ Windows 8, 26 ga Oktoba 2012. Sitika mai makulli ta ɓace daga injinan manyan masana'antu. Dalili a fili yake: sitika tana gogewa, ana ɗaukar hotonta a kanti, ana ɓamɓare ta a sayar. Sai aka koma rubuta wa kowane inji nasa makullin a cikin BIOS, a wani tebur da ake kira MSDM. Fomatin ba ya taɓa shi. Canza hadis ba ya taɓa shi. Yana tare da madabod har mutuwarsa.

28/ Shi ya sa wani lokaci kana ɗora Windows 10 ko 11 ba za a tambaye ka aji ba, kawai ka ga Home ta hau. Wasu su ce filashin ne ya lalace. Lafiyarsa lau. Manhajar ɗorawa ce ta karanta makullin da ke BIOS ta zaɓi abin da aka biya. Masu gyara kan tsallake wannan da ei.cfg don su tilasta Pro, kuma daidai nan lasisin asali ke zama ɗan kallo.

29/ Microsoft da kansa ya taɓa harɗewa a igiyarsa. Da 8.1 ta fito a Oktoban 2013, kyauta ce ga mai 8. Amma faifan ɗora 8.1 ba ya karɓar makullin 8, alhali in an gama ɗorawa makullin yana yin aktibeshin. Sai mutane suka riƙa shiga da makullin wucin gadi, in sun isa ciki su canza zuwa nasu. Mai gida da kansa yana haurawa ta katanga.

30/ A zamanin 8 ne kuma Single Language ta yaɗu, mai harshe ɗaya, mai rahusa, don kasuwanni masu tasowa. Akwai ma ta China zalla. Ga ido Home ce, ga makulli aji ne daban. Injin da lasisinsa Home Single Language ne, in ka ɗora masa Home zalla, ba zai yi aktibeshin ba. Kalma biyu a ƙarshen suna, su ne duk matsalar.

31/ Windows 10, 29 ga Yuli 2015, kyauta na shekara ɗaya ga masu 7 da 8.1. Amma kowa a ajinsa. Starter, Home Basic, Home Premium da 8.1 zalla suka tafi Home. Professional, Ultimate da 8.1 Pro suka tafi Pro. Single Language ta tafi Single Language. Enterprise ba ta cikin rabon. Kyauta ta sauya tsara, aji kuwa gado ne.

32/ Da 10 aka zo da lasisin dijital. Sabar Microsoft tana ajiye zanen yatsan injinka tare da ajin da ya cancanta. In ka sake ɗorawa, ka danna "I don't have a product key", ka zaɓi aji ɗaya da na da, ka hau intanet, shi ke nan. In ka zaɓi wani ajin, sabar ta san injin sarai, amma ba ta san shi da wannan rigar ba. Daga 2016 ana iya ɗaure lasisin da akawun ɗin Microsoft.

33/ Injinan da suka hau ta wannan hanyar duk makulli ɗaya suke nunawa: na Pro yana ƙarewa da 3V66T, na Home da 8HVX7. Na kowa da kowa ne, aikinsa zaɓar aji kawai. A 2023 aka yi ta yayata cewa an yaudari ChatGPT ya zama kaka mai karanto makullan Windows don jika ya yi barci. Irin waɗannan na gama-gari ne ya karanto. Za su ɗora, ba za su ba ka lasisi ba.

34/ A hukumance kyautar ta ƙare 29 ga Yuli 2016, amma ƙofar ta zauna a buɗe shekara bakwai. Tun sabuntawar Nuwamban 2015, makullin 7 ko 8 yana yi wa 10 aktibeshin kai tsaye. A Satumban 2023 Microsoft ya rufe. Injin da ya riga ya hau kafin lokacin, lasisinsa na nan. Wanda bai hau ba, tsohuwar sitikar 7 ba za ta kai shi ba. Tsakanin 10 da 11 kuwa makulli ɗaya ne, muddin aji ɗaya ne.

35/ Kada ku ɗauka maganar ta tsaya a kan sikirin. Akwai wanda ta kai gidan yari. Eric Lundgren, mai sana'ar sake sarrafa tsofaffin kayan lantarki a California, ya sa an buga masa faifai 28,000 a China, irin na dawo da Windows a injinan Dell. Jami'an kwastan na Amurka suka kama kayan.

36/ Hujjarsa: manhajar da ke faifan ana sauke ta kyauta, kuma ba ta da amfani sai ga injin da ya riga ya mallaki lasisi, don haka faifan ba shi da wata daraja. Hujjar masu ƙara da Microsoft: an buga faifan ya yi kama da na asali har da tambari, kuma akwai faifai mai sabon lasisi da ake sayar wa masu gyaran tsofaffin injina a kan dala 25.

37/ Kotu ta yi lissafi da dala 25 ɗin, jimla dala 700,000. Aka yanke masa wata 15 da tarar dala 50,000, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Afrilun 2018. Ko wane ɓangare ka bi, tambayar da aka yi ta ja a kai ita ce tamu: ina darajar take, a faifai ko a lasisi? Ni dai ina ganin a lasisi take, kuma shi ne abin da muka fi wulaƙantawa.

38/ A Turai iska ta kaɗa wani gefen. A Yulin 2012 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar UsedSoft da Oracle, ta ce wanda ya sayi lasisin dindindin yana iya sake sayar da shi, in ya daina amfani da nasa kwafin. Masu tallar makulli mai arha a intanet suna yawan fakewa da wannan. Sai dai da yawa makullan sari ne da aka yanko, a sayar wa mutum da yawa, wata rana a toshe. Araha ba ta ado.

39/ Ina abin ya shafe mu? Yawancin laftof ɗin da muke saye na hannu ne, daga ofisoshi da gidajen Turai da Amurka. Irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook galibi da Pro suka fito. Wasu ma an sayar da su da 7 Professional a kai, alhali makullin 8 Pro ko 10 Pro na cikin BIOS, domin lasisin Pro na masana'anta yana ba da damar komawa tsohuwar tsara. Irin su Pavilion da Inspiron kuwa galibi Home ne.

40/ Wata kuma za ta zo da Enterprise daga tsohuwar ma'aikatarta. Wannan lasisin na ma'aikatar ne, bai biyo injin ba. Kwana 180 na cika zai fara kuka. Amma Enterprise ta sari ana ɗora ta ne a kan injin da ya riga ya mallaki lasisi na ƙasa, yawanci Pro. Wato akwai yiwuwar Pro ta asali tana kwance a ƙarƙashi tana jiran a tashe ta.

41/ To, kafin fomatin, ko kafin ka biya kuɗin laftof, minti biyu sun isa. Ka rubuta winver, ka ga ajin da ke kai da cikakken sunansa. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta slmgr /dli. In ka ga OEM_DM, makullin BIOS ne ke aiki. In RETAIL ne, na kanti ne ko lasisin dijital. In ka ga VOLUME_KMSCLIENT a injin da ba na ma'aikata ba, ka yi tambaya. slmgr /xpr zai faɗa maka ko na dindindin ne ko mai ƙarewa.

42/ Don ganin makullin da ke BIOS, a PowerShell:
(Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey
In ka ƙara Description a ƙarshen kalmar, zai nuna ajin makullin. Core na nufin Home, Professional na nufin Pro. In bai nuna komai ba, babu makulli a BIOS ɗin. Kuma don girman zumunci kada ka ɗora hoton makullinka a nan kana tambaya.

43/ In ka riga ka faɗa ramin, lambar kuskure 0xC004F210 ko 0xC004F212 tana nufin makulli da aji ba su dace ba. Daga Home zuwa Pro, makullin Pro na gaske ya isa, fayilolinka na nan. Daga Pro zuwa Home, hanyar da Microsoft ya amince da ita ɗaya ce: ka kwashe kayanka, a ɗora sabuwa. In madabod aka canza, lasisin OEM ya tafi da tsohon, na kanti ne ke bin mai shi.

44/ Me ma ke cikin Pro ɗin? Cikakken BitLocker, Hyper-V, Group Policy, shiga netwok ɗin ma'aikata, da damar a shigo injinka daga nesa ta Remote Desktop. Home tana ɗaukar RAM har 128GB, Pro har 2TB. Ba ta ƙara gudu, ba ta ƙara wa batir kwana, gem ba ya fin kyau a kanta. Ɗalibi mai Word, burauza, Zoom da koyon kodin, da wuya ya taɓa jin bambanci.

45/ Farashin da Microsoft ya sa wa Windows 11 a Amurka: Home dala 139, Pro dala 199, hawa daga Home zuwa Pro dala 99. Ka juya 139 ɗin zuwa naira ko sefa a canjin yau. Kimanin abin da ake jefarwa ke nan duk ranar da aka goge Home ta asali aka liƙa Pro ta kirak.

46/ Ranar 14 ga Oktoba 2025 ce ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma 11 tana neman TPM 2.0 da firosesa na baya-bayan nan. Ma'aikatun waje suna sauke injinan da ba su cika sharaɗi ba, kun kuma san inda irin waɗannan kayan ke sauka. Mai saye ya tambayi abu biyu: wane aji ne a BIOS, kuma injin zai hau 11?

47/ Makullin nan ya tashi daga bayan faifai ya koma sitika, daga sitika ya shige BIOS, daga BIOS ya haura sabar Microsoft. Kullum yana ƙara nisa da idonka, shi ya sa ake mantawa da shi. Abin da bai sauya ba tun 2001 shi ne ajin da aka biya. Ranar fomatin ka ce wa mai gyara: "Oga, a duba abin da ke BIOS tukuna, shi za a mayar mini."

48/ Ku gwada slmgr /dli ku faɗa mini abin da ya nuna muku, layin hanyar kawai, ban da makulli. Wanda ya ga abin da bai gane ba ya ajiye tambaya a ƙasa, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. A tura wa wanda ke shirin sayen laftof a wannan watan.